Daga Bayan Tunkiya Zuwa Kafaɗar Mutum: Tarihin Gasar Kaɗi da Saƙa

Waɗanda ƙarancin data bai bari sun saurara ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau hirar tamu za ta kai mu Amurka da Ingila, kan wata gasa da idan ka fara jin labarinta sai ka yi dariya. Ana shigo da tunkiya da gashinta cikin fili, a busa usur, a aske ta, a kaɗa gashin ya zama zare, a saƙa zaren ya zama mayafi, duk a gaban 'yan kallo, duk a cikin awa biyu da rabi. Ni ma da na fara ganin bidiyon abin, cewa na yi wannan ai wasan waɗanda suka ƙoshi ne. Da na bi tarihinsa sai na tarar akwai siyasa a ciki, akwai yunwa, har da mutanen da aka rataye.

Kafin mu yi nisa, bari in share wani abu. Tumakinmu na nan, Balami da Uda da 'Yankasa, gashi gare su gajere, ba a kaɗa shi. Tumakin ƙasashen sanyi kuwa ulu suke fitarwa, mai laushi mai kauri, ana aske shi yawanci sau ɗaya a shekara kuma ya sake tsirowa. Abin da auduga take a wurinmu, shi ulu yake a wurinsu. To mu je.

A birnin Harrisburg na jihar Pensilbaniya ana yin wani babban baje kolin noma duk watan Janairu, wanda aka fara tun 1917. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi tara jama'a a wurin shi ne wannan gasa, da suke kira daga tunkiya zuwa mayafi. Ana yin irinta a bikin tumaki da ulu na jihar Maryland a farkon watan Mayu, da wasu garuruwa da dama. Tsarin ƙungiya kusan ɗaya ne ko'ina: mai aski ɗaya, masu kaɗi uku, mai saƙa ɗaya. A wasu wuraren akan ƙara mutum guda mai taje ulun, wato aikin da ya yi kama da shiɓar auduga a wurinmu. An yarda ƙungiya ta yi wadari tun daga gida, ta zo da masaƙarta da zaren tsaye a ɗaure. Amma zaren da ƙoshiya za ta riƙa ratsawa da shi, dole ya fito daga jikin tunkiyar da aka aske a wurin.

Mai aski yakan gama nasa cikin 'yan mintuna. Daga nan sai a ware ulu mai kyau, a taje shi, masu kaɗi su hau kekunansu na kaɗi. Ba a tsayawa wanke ulun, da maiƙonsa ake kaɗa shi. Da zarar an sami zaren da ya cika kwarkwaro ɗaya, sai a miƙa wa mai saƙa ta fara. Mayafin da ake nema tsawonsa ya kusa mita biyu. Alƙalai suna duba yadda aka yi askin ba tare da an ji wa dabba ciwo ba, da daidaiton zaren, da kyawun saƙar, da zanen, da kuma sauri. Bayan an gama sai a yi gwanjon mayafan a gaban jama'a.

Ku lura da lissafin nan: uku a kan ɗaya. Masu kaɗi uku, mai saƙa ɗaya. Idan mai saƙa ta fi kowa gwaninta a duniya, muddin zare bai iso hannunta ba, zama za ta yi tana kallo. Idan kuma ɗaya daga cikin masu kaɗin ta yi zare mai kauri, ɗaya ta yi siriri, a jikin mayafin za a gani, kuma duk ƙungiyar ce za ta rasa maki. Saboda haka masu shiga gasar sukan ɗauki watanni suna atisaye don hannunsu ya zo ɗaya. Wannan lissafi na uku a kan ɗaya shi ne zaren labarinmu na yau, ku riƙe shi.

Mu koma baya. Shekaru aru-aru arzikin Ingila a kan ulu ya tsaya. Har yau shugaban majalisar dattawansu a kan wani ƙaton matashi da aka cusa wa ulu yake zama, don tuna inda dukiyar ƙasar ta fito. A 1666 majalisarsu ta yi dokar da ta tilasta a riƙa binne mamaci da likkafanin ulu, don kawai kasuwar ulun gida ta ci gaba da tafiya. Su waye ke kaɗa duk wannan zare? Mata ne da 'yan mata, a cikin gidajensu, kuɗin aikin kuma ƙalilan. Masaƙi ɗaya yana bukatar mata da yawa su ciyar da shi da zare. Aikin ya manne wa mata har ta kai kalmar da Turawan Ingila ke kiran macen da ba ta yi aure ba, asalin ma'anarta mai kaɗi. Amma idan ka buɗe littattafan tarihi, sunayen attajiran yadi za ka gani. Matan da suka yi kaɗin, lissafinsu kawai ake yi a dunƙule.

Wani wuri da waɗannan mata suka fito fili da kekunansu har jaridu suka kula shi ne Amurka, lokacin tana ƙarƙashin mulkin Ingila. Tun 1699 Ingila ta yi dokar da ta hana yankunan da take mulka a can fitar da ulu da kayan ulu zuwa waje, don su ci gaba da sayen yadin Ingila. Da aka ƙaƙaba musu sababbin haraji a 1765 da 1767, sai mutanen suka ce to mun daina sayen kayanku. Faɗar hakan da baki abu ne mai sauƙi. Amma wanda ya ƙaurace wa yadin waje, me zai sa a jikinsa idan sanyi ya zo?

Nan ne mata suka shigo. Daga wajen 1768 zuwa 1770, a garuruwan arewa maso gabashin ƙasar, mata kan taru da sassafe, sau da yawa a gidan limamin cocin garin, kowacce da kekenta, su yi ta kaɗi har yamma. Wani lokaci su rabu gida biyu, a ga ɓangaren da zai fi tara zare. Suna kaɗa ulu, da auduga, da zaren wata shuka mai kama da rama da ake yin lilin da ita. Jaridu kuma su buga yawan matan da yawan zaren da suka kaɗa, wannan gari na neman ya fi wancan. Wata masaniyar tarihi, Laurel Thatcher Ulrich, ta bi diddigin waɗannan rahotanni, ta nuna cewa da yawa daga cikin tarukan aikin taimako ne da ibada, don zaren limamin ake bai wa, jaridun ne suka ƙara musu gishirin siyasa. Ko ma dai yaya ne, saƙon ya isa. Ɗaliban da suka kammala jami'ar Harvard a 1768 da yadin gida suka fito bikin yaye su. Kuma a 1789, ranar da aka rantsar da George Washington shugaban ƙasa na farko, kwat ɗin da ya sa na ulu ne da aka saƙa a garin Hartford. Matan nan ba su da ƙuri'a, ba su da kujera a majalisa, amma ba don hannunsu ba da ƙauracewar ta tsaya a fatar baki.

Yanzu mu tsallaka teku mu koma Ingila, inda gasar ta sami siffar da muka sani ta tsere da agogo. A wannan lokacin injuna sun fara shigowa. A shekarun 1760 James Hargreaves ya ƙera injin da mutum ɗaya zai kaɗa zare da yawa a lokaci guda, Richard Arkwright ya fito da mai aiki da ƙarfin ruwa a 1769, Samuel Crompton ya haɗa dabarun biyu a 1779. A auduga aka fara, daga baya abin ya iso ulu.

A garin Newbury, yamma da Landan, akwai wani mai masaƙa, John Coxeter, wanda ya sa sababbin injuna a masana'antarsa ta Greenham. Garin ya yi suna da yadi tun ƙarni na 16, amma a lokacin kasuwarsa ta ja baya, masaƙun arewacin ƙasar sun sha gabansa. Coxeter ya cika baki a gaban wani basarake mai filaye, Sir John Throckmorton, kan irin saurin injunansa. Shi kuma basaraken sai ya je ya sa caca ta gini 1000, cewa ulun da ke jikin tunkiya da asuba, zai sa shi a matsayin kwat ya ci abincin dare. Gini ɗaya sule 21 ne, wato jimilla fam 1050. A zamanin nan leburan gona a kudancin Ingila bai samun fam ɗaya a mako. Ku lissafa da kanku: kuɗin da mutum ɗaya ya sa don nishaɗi ya fi abin da lebura zai samu a shekara ashirin.

Ranar 25 ga Yuni 1811, da ƙarfe biyar na asuba, makiyayin basaraken, Francis Druett, ya aske tumaki biyu. Aka wanke ulun, aka taje, aka kaɗa, aka saƙa. Aka bugi yadin cikin ruwa har ya kama jikinsa, aka shanya, aka tayar da gashinsa, aka daidaita shi da almakashi, aka rina. Da ƙarfe huɗu na yamma yadi ya isa hannun tela James White, wanda ya riga ya auna basaraken, shi da ma'aikatansa tara suna zaune da allurai a hannu. Ƙarfe shida da minti ashirin kwat ta kammala. Awa 13 da minti 20 kenan. Mutane kusan 5000 ne suka taru kallo, aka gasa tumakin nan biyu aka raba musu, aka bi su da galan 120 na giya. Basarake ya sa kwat ɗinsa ya tafi cin abinci da manyan baƙi a wani masauki mai suna Pelican, a unguwar Speenhamland.

To a nan nake so ku ɗan tsaya. Wannan masauki na Pelican, shekara 16 kafin wannan rana, wato a 1795, a cikinsa ne alƙalan yankin suka zauna saboda yunwa ta yi wa talakawa yawa. Suka tsara cewa za a riƙa cika wa lebura albashinsa daga asusun taimakon gajiyayyu, gwargwadon farashin burodi da yawan iyalinsa. Tsadar abinci ce babban dalili, ga yaƙi da Faransa. Amma masana tarihi da dama sun nuna cewa wani abin da ya ƙara durƙusar da gidajen karkara a kudancin Ingila shi ne ɗan kuɗin kaɗin da matan gida ke samu ya fara ƙafewa, injuna sun ɗauke aikin. Wato a wuri ɗaya aka yi zaman raba wa talaka sadakar burodi, a nan kuma aka yi walimar murnar saurin injin. Tarihi kenan.

Kuma shekarar 1811 ɗin nan dai, a watan Maris, wata uku kafin ranar kwat, ma'aikatan saƙa a kusa da Nottingham suka fara bin dare suna farfasa injuna. Su ne ake kira 'yan Ludd. A 1812 abin ya isa yankin Yorkshire, inda masu daidaita yadin ulu da almakashi suka ga inji na shirin raba su da abincinsu. Yau idan an ambace su sai a ce ai mutane ne masu tsoron ci gaba. Abin da suke kuka a kai shi ne an karya musu albashi, ana fitar da kaya marasa inganci, kuma an hana su kafa ƙungiya. Majalisa ta amsa musu da dokar 1812 da ta mai da fasa inji laifin kisa. A watan Janairun 1813 aka rataye mutum 17 a birnin York, uku kan kisan wani mai masaƙa, sauran kan kai hari da fashi.

Kwat ɗin nan tana nan har yau a gidan zuri'ar basaraken, Coughton Court. Sunan wa ake kiranta da shi? Kwat ɗin Throckmorton. Mutumin da bai aske ba, bai kaɗa ba, bai saƙa ba, bai ɗinka ba. Shi dai ya sa kuɗi ya kuma sa kwat. Hausawa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daga nan kaɗin hannu ya yi ta mutuwa a Turai da Amurka, kekunan kaɗi suka koma kayan adon falo. Sai a ƙarni na 20, musamman daga shekarun 1970, mutane suka fara waiwayar sana'ar, suka kafa ƙungiyoyin masu kaɗi da saƙa, aka riƙa shirya gasa a wuraren baje kolin noma. A nan ne ma'anar abin ta juya. A 1811 an yi tseren ne don a tallata inji. Gasar yau kuwa ta hana inji shiga kaɗi da saƙa, abin da ake aunawa shi ne hannun mutum. Ana kiran sunan ƙungiya, ana kiran sunan kowane ɗan ƙungiya, masu kaɗi suna zaune a tsakiyar fili kowa na ganin aikinsu.

A 1992 wani matashin mai kaɗi a Sikotland, Richard Snow, wanda ya kamu da cutar kansa, ya farfaɗo da wata irin gasar don tara kuɗin binciken cutar. Mutum takwas a ƙungiya, ɗaya ya yi aski da almakashin hannu, bakwai su kaɗa su saƙa rigar sanyi da tsinke. Gasar ta bazu har Ostireliya da Kanada da wasu ƙasashe, kuma akwai ƙungiyoyin da suka gama cikin ƙasa da awa biyar. Su ma mutanen Newbury sun sake gwada kwat ɗinsu a 1991, suka gama cikin kimanin awa 12 da rabi. Da suka sake gwadawa a 2011, don cika shekara 200, ba su kamo lokacin mutanen 1811 ba.

Kar wani ya ɗauka ina cewa gasa ta dawo da aikin da inji ya cinye. Ba ta dawo da shi ba, kuma ba za ta dawo da shi ba. Yawancin masu shiga suna da wani aikin da suke ci da shi, wannan sha'awa ce. Manoman tumaki da yawa a Ingila ma kuka suke yi cewa kuɗin ulun bai biyan kuɗin askin. Abin da gasar ta yi ƙarami ne amma na gaske ne. Sana'ar hannu ba ta zama a littafi ko a gidan tarihi, a yatsun mutum take zama. Duk ƙungiyar da ke son shiga gasa baɗi, dole ta nemo masu kaɗi uku, idan ɗaya ta tsufa dole a koya wa wata. A Pensilbaniya har sashen matasa aka ware. Da haka ilimin ke tsallakawa daga hannu zuwa hannu.

To ina namu a ciki? A 1851 aka kai kwat ɗin Throckmorton babban baje kolin duniya da aka yi a Landan. A wannan shekarar ce kuma Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya shigo Kano, ya rubuta yadda yadin da aka saƙa aka rina a nan ke kaiwa har Tumbutu da Tarabulus, ya kuma lura cewa a cikin gidaje ake aikin, iyali-iyali. Marinar Ƙofar Mata kowa ya san ta, masaƙa ma ana tunawa da su. Amma kowane ƙyalle da ya shiga karofi, sai da wata mata ta gurje auduga, ta shiɓe ta, ta zauna da mazari da taskira da ɗan alli a yatsa ta kaɗa zaren. Uku a kan ɗayan nan dai, a nan ma haka yake, kuma a nan ma ba a rubuta sunayensu ba.

Kakata tana kaɗi. Ina yaro nakan zauna ina kallon mazarin na juyawa, ban taɓa cewa ta koya mini ba, don a ganina aikin tsofaffi ne, ni boko nake yi. Yau ga digiri a hannuna, mazarin kuma yana cikin wata tsohuwar adaka, kuma a gidanmu kaf babu wanda ya iya riƙe shi. Mukan yi maganar masaƙun Kaduna da Kano da suka rufe, tun daga wadda aka buɗe a Kaduna a 1957, kuma ya kamata mu yi. Amma inji idan ya lalace ana iya sayo wani in an sami kuɗi da wuta. Hannun da ya iya kaɗi idan ya kwanta dama, babu kasuwar da za ka sayo shi.

Mu kuwa aikin taro ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mu ne masu gayya. Saboda haka ga abin da zan bar ku da shi. A ce gobe wata makaranta ko ƙungiyar unguwa ta shirya gasa, daga kadada zuwa gwado: mai gurza ɗaya, mai shiɓa ɗaya, masu kaɗi uku, masaƙi ɗaya. A unguwarku za a iya haɗa ƙungiya ɗaya cikakkiya? Wa za ku sa a kujerun kaɗin nan uku, kuma shekarunta nawa? Idan akwai tsohuwar da ta iya a gidanku ko a maƙwabta, ku je ku gaishe ta a wannan makon, ku tambayi cikakken sunanta ku rubuta, ku roƙe ta ta nuna muku yadda ake riƙe mazari. Ku faɗa mana garin da abin da kuka gani, za mu karanto a shiri na gaba.